Milestone: kamfanin baƙaƙen fata da ya sauya fuskar jarumai a littattafan zane

Milestone Media kamfani ne na littattafan labari cikin zane, irin waɗanda masu jin Faransanci ke kira BD. Baƙaƙen fatar Amurka huɗu ne suka kafa shi, ya kuma fara fitar da littattafansa a shekarar 1993. Mutanen su ne marubuci Dwayne McDuffie, masu zane Denys Cowan da Michael Davis, sai ɗan jarida Derek T. Dingle. Shekara huɗu kacal kamfanin ya yi yana bugawa a zagayen farko kafin kasuwa ta kayar da shi, amma har yau da shi ake buga misali idan ana maganar yadda marubuci zai ƙirƙiri jarumi baƙar fata wanda yake mutum ne cikakke, kuma ya riƙe mallakar abin da ya ƙirƙira.

Kafin Milestone

Baƙaƙen jarumai sun riga Milestone shiga littattafan zane. Black Panther ya fara bayyana a 1966 cikin Fantastic Four lamba 52, Luke Cage kuma a 1972. Sai dai fararen fata ne suka ƙirƙiro su, kuma kamfanin Marvel ne ya mallake su. Wanda ya yi makaranta a ƙasashen da ke amfani da Faransanci tsakanin shekarun 1960 da 1980 ya san irin wannan a mujallar Kouakou: yaron ɗan Afirka ne, amma a Faransa ake rubuta shi, a can ake zana shi.

An taɓa gwada wata hanya tun 1947. A birnin Filadelfiya, ɗan jarida Orrin C. Evans ya fitar da All-Negro Comics, wanda baƙaƙen fata ne suka rubuta shi suka kuma zana shi daga farko har ƙarshe. Cikin jarumansa akwai Lion Man, matashin masanin kimiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura Gold Coast, wato Ghana ta yau, ya yi gadin wani dutse mai cike da uraniyum. Mutumin Arlit ba sai an yi masa dogon bayani kan wannan labari ba. Fitowa ɗaya littafin ya yi. An shirya ta biyu, amma Evans bai samu wanda zai sayar masa da takardar bugawa ba.

A 1990 Dawud Anyabwile da ɗan'uwansa Guy Sims suka fito da Brotherman, labarin wani lauya da ba shi da wani ƙarfi na ban mamaki, wanda ke rufe fuska da dare ya shiga yaƙi da ɓarayi. Da hannunsu suka riƙa sayar da shi a bukukuwan baje kolin baƙaƙen fata da ƙananan shagunan littattafai. Wannan ya nuna cewa masu saye suna nan.

Shi kuwa McDuffie, haifaffen Detroit a 1962, ya ga matsalar ne daga cikin gida, domin ya yi aikin edita a Marvel. A 1989 ya rubuta wa abokan aikinsa wata takarda ta shaguɓe, inda ya ba da shawarar a haɗa tawagar baƙaƙen matasa masu yawo a kan allo mai taya, tunda ga alama wannan ne kawai abin da kamfanin ya iya tunaninsa game da su. Har yanzu ana yawo da takardar a intanet.

Yarjejeniya da DC

A Amurka al'adar sana'ar ita ce kamfani ya biya ka kuɗin shafi, jarumin da ka ƙirƙira kuma ya zama nasa har abada. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130 a 1938, suka tsufa cikin talauci da shari'a. Masu Milestone sun ƙi wannan tsari. Suka ƙulla yarjejeniya da DC Comics cewa DC za ta buga littattafan ta kuma rarraba su, amma haƙƙin mallakar jarumai da ikon tsara labari suna hannun Milestone. DC ta riƙe damar ƙin buga abin da ba ta yarda da shi ba, kuma ta taɓa amfani da damar a kan bangon Static lamba 25, wanda ya nuna jarumin da budurwarsa.

Ba kowa ya yi na'am da wannan haɗin ba. ANIA, wata gamayyar ƙananan mawallafa baƙaƙen fata da ta taso a daidai lokacin, ta zargi Milestone da zama ƴan amshin shatan babban kamfanin fararen fata. Gardamar ba ta mutu ba. Duk mai zane mai zaman kansa yana isa wannan mararrabar: ko ya tsaya da ƙafarsa ya kai ga mutane kaɗan, ko ya jingina da babba ya shiga kowane shago amma ya sarayar da wani abu.

Birnin Dakota da mutanensa

Duk labaran suna faruwa ne a Dakota, wani birni na ƙirƙira. Tushen mafi yawan masu baiwa a birnin shi ne wani dare da gungun ƴan daba suka taru a unguwar Paris Island don su raba raini. Ƴan sanda suka harba musu barkonon tsohuwa da aka gauraya da wani sinadari na gwaji. Akasarin matasan suka mutu nan take, waɗanda suka rayu kuma suka tashi da ƙarfi iri-iri. A sauran littattafai tauraro ne ke faɗowa daga sama ko gizo-gizo ya ciji mutum. A Dakota hukuma ce ta yi gwaji a kan ƴaƴan talakawa.

Hardware ne ya fara fitowa. Curtis Metcalf haziƙin yaro ne da wani attajiri, Edwin Alva, ya ɗauki nauyin karatunsa, daga baya ya ba shi aiki. Ƙirƙire-ƙirƙiren Curtis sun tara wa Alva dukiya, amma ranar da ya nemi kaso cikin ribar sai uban gidan nasa ya nuna masa cewa shi ba ɗa ba ne, ma'aikaci ne kawai. Curtis ya gano Alva babban mai laifi ne da doka ba ta iya taɓa shi, sai ya ƙera sulke da kayan kamfanin ya shiga yaƙarsa. Ba sai an faɗa wa mai karatu cewa marubutan suna ba da labarin kansu da manyan kamfanoni ba ne. Abin da ya fi burge ni shi ne littafin bai wanke Curtis ba. A farko ramuwa yake nema, yana kisa, yana da girman kai, kuma ƙawarsa Barraki Young ce ke gaya masa gaskiya cewa abin da yake yi ba adalci ba ne.

Icon shi ne ya fi kowanne zurfi, a ganina. Wani baƙo daga wata duniya ya faɗo cikin gonar auduga a kudancin Amurka a 1839. Na'urar da ta ɗauko shi ta mayar da shi jariri mai kama da mutum na farko da ya taɓa ta, wato wata baiwa mai suna Miriam. Ya tashi cikin bauta, kuma da yake ba ya tsufa irin na mutane, sai ya riƙa fitowa a matsayin ɗan kansa, har ya zama Augustus Freeman na huɗu, hamshaƙin lauya mai ra'ayin mazan jiya. Aƙidarsa ita ce kowa ya tashi ya nemi na kansa, kuma ya ɓoye ƙarfinsa fiye da shekara 150. Wata rana Raquel Ervin, yarinya ƴar shekara 15 daga Paris Island, ta bi abokanta suka shiga gidansa sata, ta gan shi yana tashi sama. Daga baya ta koma ta tsare shi da hujja cewa wanda ke iya tashi sama ba shi da bakin cewa kowa ya ɗaga kansa da kansa. Ita ta sa shi ya zama Icon, ita kuma ta zama Rocket.

Sunansa ne a bango, amma muryar da ke ba da labarin tata ce. Burinta ta zama marubuciya kamar Toni Morrison. Ba a yi nisa ba ta gano tana da ciki, kuma littafin ya bi ta cikin tunanin abin da za ta yi, har ta haihu ta ci gaba da rayuwa, ba tare da an mayar da ita abin wa'azi ko abin tausayi ba. Ita da Icon ba sa jituwa kan siyasa, kan ƴan sanda, kan dalilin talauci, kuma McDuffie bai bar ɗayansu ya riƙa yin nasara kullum ba. Mai zane M.D. Bright ya ba dattijon tsayuwar mutumin da bai saba a musa masa ba. Abin da masu nazari ke nufi ke nan idan suka ce an gina jarumi: ko an cire masa rigar yaƙi, akwai mutumin da za ka iya yin gardama da shi.

Static ne ya fi yin suna. Virgil Hawkins ɗan makaranta ne mai surutu da son kimiyya, wanda wani ƙaton yaro ke cin zalinsa. Wani aboki ya ba shi bindiga, ya tafi Paris Island a wancan daren da niyyar ramuwa, amma da ya zo harbi sai ya kasa. Hayaƙin ya same shi a can, ya tashi da ikon sarrafa lantarki da maganaɗisu, har yana hawa murfin kwandon shara ya yi ta shawagi. An sa masa sunan Virgil Hawkins na gaske, baƙar fatar da ya nemi shiga sashen shari'a na Jami'ar Florida a 1949 aka hana shi, ya shafe shekaru yana kotu. McDuffie da Robert L. Washington III ne suka rubuta farkon labarin, John Paul Leon ya zana.

Na huɗu shi ne Blood Syndicate, wanda Ivan Velez Jr. ya rubuta mafi yawansa: ragowar gungun ƴan daba biyu da suka haɗe bayan wancan daren, waɗanda ba su taɓa kiran kansu jarumai ba. Jagoransu Wise Son Musulmi ne, cikinsu kuma akwai ƴan asalin Latin Amurka da Asiya. A 1994 aka ƙara Xombi, wanda jaruminsa David Kim ɗan asalin Koriya ne. Hujjar McDuffie ita ce idan baƙar fata ɗaya ne tak a cikin labari, dole ya wakilci kowa, amma idan suna da yawa, kowa sai ya zama kansa.

Abin da ya durƙusar da shi

A nan dole a fahimci yadda kasuwar take. A wancan lokaci, kuma har yanzu a galibi, shagunan littattafan zane na Amurka suna yin oda ne watanni biyu kafin littafi ya fito, kuma abin da bai sayu ba ba a mayar da shi. Asarar tana kan mai shago. Saboda haka mai shagon da ya yanke cewa Milestone littafin baƙaƙe ne, shi kuma masu sayensa farare ne, sai ya yi odar ƴan kwafi kaɗan ko ya ƙi gaba ɗaya. Littafin da ba ya kan kanta kuwa ba mai ganinsa balle ya so shi.

Ga shi kuma lokacin bai yi kyau ba. Farkon shekarun 1990 mutane sun riƙa sayen littattafan zane don ajiya da fatan za su yi tsada. Da kumfar ta fashe, shaguna masu yawa suka rufe, Marvel kanta ta shigar da takardar fatara a Disambar 1996. Milestone ta daina bugawa a 1997.

Bayan 1997

Talabijin ce ta raya sunan. Static Shock ya gudana daga 2000 zuwa 2004, kashi 52, da muryar Phil LaMarr. Kashin da ya taɓo shigar da bindiga makaranta ya ci lambar Humanitas a 2003. A wani kashin kuma Virgil da iyalinsa sun ziyarci Ghana, inda ya haɗu da wani jarumi mai suna Anansi, wato gizon tatsuniyoyin Akan, ɗan'uwan namu Gizo.

McDuffie ya ci gaba da rubuta Justice League Unlimited da Ben 10, ya rasu ranar 21 ga Fabrairun 2011, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 49. Tun 2015 ake ba da wata lambar yabo da sunansa. A wannan shekarar ce Cowan da Dingle da mai shirya fim Reginald Hudlin suka sanar da farfaɗo da kamfanin. Matar McDuffie, Charlotte Fullerton, ta kai ƙara a 2017 kan kason mijinta, aka sasanta daga baya, sababbin littattafan kuma suka fara fitowa a 2021.

Masu zaman kansu a yau

Wanda ya gane yadda kasuwar ta kayar da Milestone zai gane me ya sa masu zane ke roƙon a yi odar littafi tun kafin ya fito: adadin odar farko ne ke yanke ko za a buga na biyu. Shafin Kickstarter, da aka buɗe a 2009, ya ba su damar karɓar kuɗin bugawa kai tsaye daga masu karatu ba tare da jiran mai shago ba. Akwai kuma tarukan da aka keɓe musu, irin wanda ake yi a Filadelfiya tun 2002 da wanda Cibiyar Schomburg ke shiryawa a Harlem tun 2013.

A Afirka ma ana bin sawu. Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas a 2013, yana sakin labaran Guardian Prime kyauta a intanet. Roye Okupe ya kafa YouNeek Studios, ya tara kuɗin littattafansa na farko ta Kickstarter, sannan a 2021 kamfanin Dark Horse na Amurka ya fara buga su. Cikinsu akwai Malika, sarauniya mayaƙiya ta wata daula mai suna Azzaz a ƙarni na 15, wadda aka ɗauko hotonta daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A ɓangaren Faransanci, Aya de Yopougon ta Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wadda ba ta da jarumi mai tashi sama sai ƴan matan wata unguwa a Abidjan, ta ci lambar littafin farko a bikin Angoulême na 2006. A Brazzaville kuma mai zane ƴar Kamaru Elyon's ta kafa bikin Bilili BD a 2016, inda masu zane daga ƙasashen yankin ke baje littattafansu su sayar da hannunsu.