DAGA HABANA ZUWA ZANGON WAGADUGU: TARIHIN WAƘAR SIFANIYANCI A ƘASAR MOSHI

Wanda ya ji cewa an taɓa yin zamanin da samarin Wagadugu ke rera waƙa da Sifaniyanci zai yi mamaki, domin Sifaniya ba ta taɓa mulkin ƙasar ba, Faransa ce ta mamaye birnin a 1896. Amma kiɗa yana da hanyoyinsa na tafiya, kuma sau da yawa sawun fatake yake bi.

Tun kafin zuwan Bature, ayarin Hausawa masu fataucin goro ke ratsa ƙasar Moshi a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja. Suna tafe da kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro daga kasuwar Salaga. Inda duk ayari ya saba yada zango, a kwana a tashi sai wasu su zauna, su yi aure, su gina masallaci. Haka unguwar Hausawa ta kafu a tsakiyar Wagadugu, wadda Mosawa suka sa wa suna Zanguwetin, wato mazaunin Hausawa. Bahaushe kuwa ba ya tafiya ya bar kiɗansa a gida. Mahauta na da kalangunsu, 'yan bori na da gogensu, ga maroƙa a wurin biki da suna. A fadar Mogo Naba kuma makaɗan bendire, gangar da ake yi da ƙatuwar ƙwarya, su ke jero sunayen sarakunan da suka shuɗe. Wannan shi ne kiɗan da kunnen birnin ya saba da shi kafin garmaho ya iso.

A 1933 kamfanin EMI na Ingila ya fara buga wani jerin faya-fayai mai lambar GV domin kasuwannin Afirka, akasarinsu kiɗan Kyuba ne. Faifai na farko a jerin shi ne El Manisero, waƙar Moisés Simons, wadda ƙungiyar Don Azpiazú ta ɗauka a Niyok a 1930. Ma'anar sunan ita ce mai tallar gyaɗa, kuma a kan kiran mai talla aka gina waƙar, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a zango. Faya-fayan sun sauka a tashoshin jiragen ruwa na Dakar da Abijan da Akara, daga nan suka hauro arewa cikin kayan 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji da 'yan ci-rani masu dawowa daga gonakin koko. Jirgin ƙasa daga Abijan ya isa Bobo Julaso a 1934, ya ƙarasa Wagadugu a 1954, sai hanya ta ƙara buɗewa.

Me ya sa kiɗan ya sami karɓuwa haka? Dalili na farko, ɗan gida ne ya dawo da baƙuwar riga. Kyuba ba ta soke bauta ba sai a 1886, kuma bayin da aka kwasa daga ƙasar Yarbawa da Dahome da Kwango sun tafi da gangunansu da salon bayarwa da amshi. Mai sauraro a Afirka ta Yamma bai san kalmomin ba, amma ƙafarsa ta gane bugun. Dalili na biyu na siyasa ne. Matashin da ya yi boko yana son kiɗan zamani, mai jita da ƙaho da kwat, amma ba ya son ya ara daga wanda ke mulkinsa. Sifaniyanci ya ba shi mafita, harshen Turai ne amma ba na mai mulkin mallaka ba. Saboda haka mawaƙa suka riƙa haddace baitoci daga faifai, suna kwaikwayon lafazi, da yawansu ba tare da sanin fassara ba.

A 1948, shekara guda bayan Faransa ta maido da Bolta ta Sama a matsayin yanki mai zaman kansa, Antoine Ouédraogo ya kafa Harmonie Voltaïque a Wagadugu, uwar ƙungiyoyin kiɗan zamani na ƙasar. Bayan samun 'yanci ranar 5 ga Agusta 1960 sai ƙungiyoyi suka yawaita. Idrissa Koné ya kafa Volta Jazz a Bobo Julaso, Super Volta ta bayyana a babban birni. Iskar guda ce ke kaɗawa a duk yankin: Star Band a Dakar, Bembeya Jazz a Gini, ga ɗaliban Mali da aka tura Habana karatun kiɗa suka kafa Maravillas de Mali ƙarƙashin Boncana Maïga. Sannu a hankali kwaikwayo ya zama mallaka. Mawaƙa suka riƙe bugun Kyuba, suka ɗora masa Mosanci da Julanci. A arewacin Nijeriya ma Bala Miller ya yi kwatankwacin haka, ya ɗora Hausa a kan kiɗan ƙaho na zamani.

Babu wanda ya ɗauki wannan tarihi a wuyansa kamar Amadou Traoré, wanda aka haifa a Wahiguya a 1944. Ya yi yawon neman sa'a a Mali da Gini da Kwaddibuwa, ya dawo gida a ƙarshen shekarun 1960 ya shiga Harmonie Voltaïque. Wata waƙarsa mai suna Balaké, wato beguwa, ta yi farin jini har ta zame masa laƙabi. Da yake ƙasar ba ta da masana'antar buga faifai, sai a waje ake kammala aikin, don haka ya yi ɗaukar waƙoƙi a Akara da Abijan da Legas. A 1979 ya tafi Niyok, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti da makaɗan Latin, cikinsu har da Alfredo Rodríguez, ɗan Kyuba mai kaɗa fiyano. Salon da suka bi shi ake kira caranga, wanda ƙashin bayansa sarewa ne da gogen Turawa. Jikan masu sauraron garmaho ya je har gidan masu kiɗan, suna yi masa rakiya yana waƙa da harshen garinsu. Daga shekarar 2000 ya shiga Africando, ƙungiyar da Ibrahima Sylla da Boncana Maïga suka assasa, ya kuma rasu a Wagadugu a watan Agustan 2014.

A gefe guda Georges Ouédraogo, wanda ake yi wa kirari da Gandaogo na ƙasa, ya buga ganga a ƙungiyar Bozambo a Turai cikin shekarun 1970, sannan ya ɗauko warba, rawar Mosawa, ya haɗa ta da jitar lantarki. Siyasa ma ba a bar ta a baya ba. Thomas Sankara, wanda ya sauya sunan ƙasar zuwa Burkina Faso a 1984, makaɗin jita ne a ƙungiyar Tout-à-Coup Jazz. A 1986 gwamnatinsa ta tura yara 600 karatu a Kyuba, waɗanda suka dawo suna jin Sifaniyanci ji na haƙiƙa, harshen da iyayensu suka rera da ka.

To, ina makomar zangon a cikin wannan labari? A 2003 aka rushe Zanguwetin da unguwannin da ke kewaye da ita ƙarƙashin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Mutane fiye da 12,000 suka tashi, aka ba su filaye a bayan gari, wajen Waga 2000 da Niyoko. Maƙwabtaka ta shekaru aru-aru ta watse, dandalin biki ya zama kango.

A nan ne bambancin ya fito fili. Abin da ya hau faifai ya tsira. A 2011 kamfanin Analog Africa na Jamus ya sake fitar da waƙoƙin Burkina na shekarun 1974 zuwa 1979, a 2016 kuma Numero Group na Amurka ya fitar da tarin Bobo Yéyé, har duniya ta sake jin muryoyin da aka manta. Amma taken mahauta da kirarin madugai da waƙoƙin kai amarya na matan zango a ƙirjin mutane suke zaune, kuma duk dattijon da ya kwanta dama da rabonsa yake tafiya.

Yau kusan kowane saurayi a zangunan Wagadugu da Kumasi da Lome yana riƙe da wayar da ta fi garmaho ƙarfin ɗaukar murya. Abin da ya rage shi ne a durƙusa gaban tsofaffi, a tambaye su, a naɗa, a rubuta sunan mai waƙa da na unguwarsu da shekarar da aka ɗauka. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka ga na baya.