Tagar Katako Ta Ingila: Gobara Da Haraji Ne Suka Sassaƙa Ta

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya mu leƙa tarihi, amma tarihin wani abu da ba a cika kulawa da shi ba, wato taga. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Turawa na zamanin da, ko ya ga hoton tsofaffin unguwannin Landan, ya san irin gidajen nan na jan bulo masu dogayen fararen tagogi, kowace an rarraba ta gida-gida da siraran sandunan katako. Mutum zai ɗauka ado ne kawai. To ba ado ba ne kawai. Girman tagar, da yawan gilasanta, da yadda ta shige cikin bango, duk akwai dokar da ta haife su, ko kuwa harajin da mai gida ya yi ƙoƙarin kauce wa. Shi ya sa har yau a Ingila akwai kafintocin da ba su da wata sana'a sai auna tagar tsohon gida su sassaƙa wata daidai da ita, domin ta kanti ba ta shiga.

Mu fara daga gobara. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a wani gidan burodi a Landan, ta yi kwana huɗu tana ci, ta lamushe gidaje sama da 13,000 da coci-coci 87. Yawancin gidajen na katako ne, kuma a manne da juna. Kafin wannan lokaci tagar Bature ƙarama ce, tana buɗewa kamar ƙyaure, gilasanta 'yan mitsi-mitsi ne da aka haɗa da dalma. Da aka zo sake gina birnin da bulo, sai ga wata sabuwar taga ta ɓullo a gidajen manya, wadda suke kira sash. Ita wannan ba a tura ta waje, zamewa take yi sama da ƙasa. Firam biyu ne, ɗaya a gaban ɗaya. A kowane gefe akwai igiya da ta bi ta kan wani ɗan gargare, ƙarshenta an ɗaura mata curin dalma ko ƙarfe mai daidaita nauyin firam ɗin, an ɓoye shi cikin wani dogon akwatin katako. Saboda haka ko yaro zai ɗaga ta da hannu ɗaya, kuma duk inda ya sake ta nan za ta tsaya. In aka sauke ta sama kaɗan aka ɗaga ta ƙasa kaɗan, iska mai zafi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Wani gida da ake kira Ham House a gefen kogin Thames yana cikin waɗanda aka fara sa wa irinta, a shekarun 1670.

Tsoron wuta bai bar hukuma ba. A 1709 aka yi doka a Landan cewa firam ɗin taga kada ya zo daidai da fuskar bango, sai an mayar da shi ciki da inci 4, don kada harshen wuta ya laso shi daga maƙwabta. A 1774 aka ƙara tsanantawa, aka ce akwatin da ke ɓoye nauyin ma a cusa shi bayan bulo, kada a gan shi. Wannan ne ya sa masanin gini zai tsaya a bakin titi ya dubi taga ya faɗa maka kusan shekarun gida. In katakon yana da faɗi kuma ya yi daidai da bango, tsoho ne ƙwarai. In siriri ne ya lafe ciki, na baya ne. Sai dai dokar ta Landan ce, garuruwan karkara sun daɗe suna yin yadda suka saba kafin yayin ya isa gare su.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a wannan tarihi shi ne harajin taga. A 1696, zamanin Sarki William na Uku, baitulmali ya shiga matsala saboda mutane sun daɗe suna yanke gefen kuɗin azurfa, dole aka sake buga sababbi. Ana neman inda za a cike giɓin. Harajin kuɗin shiga kuwa Turawan lokacin ba su yarda da shi ba, suna ganin tonon asiri ne hukuma ta san abin da mutum ke samu. Sai aka ce to a ƙirga tagogi, tunda mai kuɗi shi ke da babban gida, kuma mai ƙirga ba sai ya shiga ciki ba, daga waje zai tsaya. Kowane gida sule 2, mai taga 10 zuwa 20 ya ƙara sule 4, wanda ya haura 20 ya ƙara sule 8.

Duk wanda ya san labarin jangali ya san abin da zai biyo baya. Yadda makiyayi ke kora wasu shanun daji in ya ji masu ƙirga na tafe, haka Bature ya kama toshe tagoginsa da bulo. A 1747 aka canza tsarin: mai taga 10 zuwa 14 zai biya sisi a kan kowace taga, mai 15 zuwa 19 ya biya nai, mai 20 ko fiye ya biya sule. Ka lura, mai taga 9 ba ya biyan ko kwabo na tagogi, amma da ya ƙara guda ɗaya sai a caje shi duka goman. Da masu bincike suka duba tsofaffin takardun haraji na garin Ludlow da wasu wurare, sai suka tarar gidaje masu taga 9 da 14 da 19 sun yi yawa fiye da kima. Kowa ya tsaya a bakin layi ya ƙi tsallakawa. A 1766 aka sauko da harajin har kan mai taga 7, nan ma gidaje masu taga 7 suka ragu. Har yau za ka ga gida da siffar taga a bango amma bulo ne a ciki, kodayake ba duka ne na gudun haraji ba, wasu magini ne ya yi su da gangan don gefe da gefe su yi daidai.

Wanda ya sha wuya shi ne talaka. Attajiri mai taga 40 zai biya ya wuce, har ma ya yi alfahari. Amma babban gidan haya da aka cusa iyalai da dama a ciki ana lissafa shi gida ɗaya ne, mai gidan kuma shi zai biya, don haka sai ya toshe duk tagar da zai iya toshewa. Mutane suka zauna cikin duhu da wari, ba iska ba rana. Likitoci suka yi ta kukan cewa wannan na ƙara yaɗa cututtuka. Marubucin nan Charles Dickens, ɗan'uwanmu a sana'ar ƙaga labari, ya caccaki harajin a 1850. Sai a 1851 aka soke shi, bayan shekara 155. Faransa ma ta kwaikwaya a 1798, ita har da ƙofofi, ba ta bari ba sai 1926.

Su kuma 'yan gida-gidan gilashin nan, shida a sama shida a ƙasa, dole ce ta kawo su. A lokacin, mai yin gilashi busa shi yake yi da baki ta bututu, sannan ya yi ta juya shi da sauri har ya baje ya zama faifai. Daga faifai kuwa ba za ka iya yanko babban murabba'i ba, sai ƙanana. Cibiyar faifan mai kauri ita ce mafi arha, talakawa ke saye. Ga shi kuma tun tsakiyar ƙarni na 18 ana karɓar haraji a kan nauyin gilashi, don haka kowa na son siriri. Abin da kafintoci suka iya yi shi ne rage kaurin sandunan da ke riƙe gilasan. Na farkon ƙarnin sun kusa inci 2, na ƙarshensa wasu ba su wuce rabin inci ba.

A 1832 kamfanin Chance Brothers da ke kusa da Birmingham ya fara yin manyan fallayen gilashi ta wata hanyar daban, a 1845 kuma aka soke harajin gilashi. Shi wannan kamfani ne ya samar da gilasai kusan 300,000 da aka rufe katafaren zauren baje koli na Crystal Palace da su a 1851. Daga nan taga ta koma gilashi biyu sama biyu ƙasa, ko ma ɗaya da ɗaya. Da sanduna suka ragu gilashi ya ƙara nauyi, sai mahaɗar firam ta fara saki, kafintoci suka riƙa barin wani ɗan ƙaho na katako a kusurwar don ƙarin ƙarfi. Ƙahon nan shaida ce ta zamanin Sarauniya Victoria. Kafintan da ya sa shi a gidan 1780 ya tafka kuskure, kamar marubucin da ya sa wa jarumin zamanin Shehu agogon hannu.

Katakon fa? Na farko-farko itacen oak ne, daga baya aka koma itacen pine da jiragen ruwa ke kawowa daga Norway da tashoshin Tekun Baltik irin su Riga da Memel. Itace ne da ya girma a hankali cikin sanyi, zuciyarsa a tsuke, cike da ƙaro. In ana yi masa fenti a kai a kai, yakan haura shekara 200, kuma akwai dubbai da ke aiki har yau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga gaggawar gina gidaje, masana'antu suka riƙa buga tagogi masu awo ɗaya da ɗanyen katako mai saurin girma. Cikin 'yan shekaru suka fara ruɓewa. Laifin wannan katako ne ya shafi na kakanni, mutane suka ce ai katako ba ya ƙarko. Da tagar roba ta uPVC ta cika kasuwa a shekarun 1980, 'yan talla suka bi gida-gida, aka yi ta ciro tagogin da suka ga sarakuna biyar ko shida ana jefawa a bola. A 2009 hukumar English Heritage ta yi bincike ta ce kashi 83 cikin 100 na unguwannin tarihi da ake karewa sun samu tabo daga tagogi da ƙofofin roba.

Ni dai ban ga laifin mai gidan da sanyi ya dama ba, wanda kuɗin ɗumama ɗaki ke cinye masa albashi. Amma cinikin bai yi riba ba. Tagar katako in gindinta ya ruɓe, kafinta zai yanke wurin ya dasa sabon guntu, ya canza igiya, ya sa mata abin toshe iska, ta ci gaba. Ta roba in ta lalace sai dai a cire ta gaba ɗaya. Wannan ra'ayi na gyara maimakon sauyawa tun 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiya a kansa. Doka ma ta biyo baya: daga 1947 aka tsaya sosai wajen rajistar gine-ginen tarihi, a 1967 aka fara kare unguwa sukutum, garin Stamford ne na farko. Yau wanda ya cire tagar gidan da ke cikin rajista ba da izini ba ya aikata laifi, ana iya gurfanar da shi, a kuma sa shi ya mayar da irin ta da.

Nan ne aikin awo ya shigo. Gidan da ya shekara 200 ya zauna, bango ya ɗan karkata, ramin taga ba ya nan daidai kusurwa huɗu, kuma ko a gida ɗaya da wuya ka samu biyu masu awo ɗaya. Kafinta zai auna faɗi a sama da tsakiya da ƙasa, ya ɗauki siffar sassaƙar tsohuwar sanda, wani lokaci sai an wasa sabuwar wuƙar inji musamman saboda ita. In an yarda a sa gilashi mai ruɓi biyu, nauyi ya ƙaru ke nan, sai an sake auna dalmar da ke cikin akwati, in ba haka ba taga ta riƙa faɗowa. In kuwa tsohon gilashin na nan, a hankali ake ciro shi a mayar, domin tun da kamfanin Pilkington ya fito da hanyar yin gilashi sumul a 1959, irin wancan mai 'yar lanƙwasa da ke sa hasken rana rawa a bango sai 'yan wurare kaɗan ke busa shi, kuma da tsada.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.