Tazargade da Ɗan Uwansa na Ƙasar Sin a Kasuwannin Kano

Tazargade, wato busasshen ganyen nan mai ƙamshi da ɗaci da 'yan koli ke aunawa a kasuwar Kurmi, ya fito ne daga zuriyar tsirran da masana ke kira Artemisia, waɗanda ke fitar da ƙananan furanni, kuma da yawansu sun fi son busasshiyar ƙasa. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke haɗa Kano da Agadas da Gat da Gadamus, irin na hamada ke gangarowa kudu cikin kayan fatake, har ya samu gurbi a ɗakunan iyaye mata, inda ake jiƙa shi ko a yi surace da shi saboda zazzaɓi da mura. Isowar layin dogo Kano a 1911 ta karya fataucin hamada, amma ganyen bai bar kasuwa ba.

A ƙasar Sin kuwa wani ɗan uwansa ne, Artemisia annua, wanda suke kira qinghao, ya shiga littattafan magani, kuma a ƙarni na 4 wani malami mai suna Ge Hong ya rubuta cewa a jiƙa shi cikin ruwa, a matse, mai zazzaɓi ya sha. Wannan bayani ya daɗe a kwance har zuwa lokacin yaƙin Biyetnam, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokwin yana ta kayar da sojoji, abin da ya sa gwamnatin Sin ta kafa wani shirin bincike na sirri ranar 23 ga Mayu, 1967. Tu Youyou, wadda ta shiga aikin a 1969, ta lura cewa tsohon malamin bai ce a dafa ganyen ba, saboda haka ta tatso sinadarinsa ba tare da zafi mai yawa ba, ta yi nasara a 1971, kuma wannan sinadari, atimisinin, shi ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015.

Ta wannan hanya ce dangin tazargade suka sake shigowa Kano a cikin kwali, bayan Nijeriya ta bi shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a tsakiyar shekarun 2000, ta mayar da ƙwayoyin da ke haɗa atimisinin da wani magani na biyu su zama abin da ake fara ba mai zazzaɓi. Masana'antun Bompai da Sharada da Challawa sun yi suna ne a jima da saƙa da roba, ba a tatsar ganye ba, don haka rabon Kano a wannan sana'a ya tsaya ga dillanci, inda aka daɗe ana sarin magani a Sabon Gari kafin hukumomi su tilasta wa 'yan kasuwar komawa Dangwauro a 2024, a kan titin Zariya gaba da Na'ibawa.

A 2020 ne hanyoyin biyu suka cakuɗe, domin da Madagaska ta fito da wani tsimi na Artemisia annua tana cewa maganin korona ne, sai jama'a suka yi wa tazargade ca, alhali dangantaka ba ta nufin ganyen hamada na ɗauke da sinadarin da na Sin ke da shi. Ko na Sin ɗin ma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha jiƙonsa a madadin ƙwaya ba, saboda yawan sinadarin yana bambanta daga ganye zuwa ganye, kuma shan abin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cutar juriya, kamar yadda aka fara gani a Kambodiya, daga baya kuma a Ruwanda da Yuganda.