WAKE DA TAƁARYA

Kwanakin baya na je gaida wata gwaggona a wani ƙauye kusa da Yashe, ƙasar Kusada. Na tarar da ita a kan tabarma, ga kofin koko a gabanta. Da ta yunƙura za ta tashi sai da jikarta ta kama ta. Allah sarki! Wannan matar fa uwarta, wato kakata, ta haura saba'in tana sussuka da kanta. Na ce, "Gwaggo, me kika ci yau?" Ta ce, "Koko, 'yar nan. Da dare kuma tuwo." Na ce wake fa? Sai surukarta ta amsa daga madafa, wai wake yana kumbura wa tsoho ciki, ga shi kuma ba sa barin ta ta taɓa ko tsintsiya, don ta huta.

Don ƙauna suke yi, ban musa ba. Amma tun a mota nake tunanin yadda aka yi muka zo nan.

Wake dai ɗan gida ne. A nan Afirka aka fara noma shi, har masu tonon kayan tarihi sun samu ƙwayoyinsa a ƙasar Gana waɗanda suka haura shekara 3,000. Manomin Kankiya da Kusada tun kaka da kakanni tsakanin gero da dawa yake shuka shi, ya samu na ci, dabba ta samu harawa, ƙasa ta samu ƙarfi. A tukunya ma haka suke tafiya tare. Ɗanwake, tubani, ƙosai da koko, ga daddawar kalwa a kowace miya. Iyayenmu ba su san sunan furotin ba, wato sinadarin da ke gina tsoka, amma abin da masana suka gano daga baya shi ne hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na sinadarin nan wanda wake ke da shi a wadace, shi kuma wake abin da ya gaza hatsi na cike masa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, ya ninka na gero.

Gyaɗa ita baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka jiragen Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ga haraji ana biya da kuɗi, sai noman gyaɗa ya mamaye ƙasar Kano da Katsina. Maza suka kai buhuna ga 'yan awo, aka gina dala a Kano. Mata kuma a cikin gida suka riƙe tasu sana'ar: a soya, a daka, a matse mai, a murza tunkuza a yi ƙuli. Kin ga kwaɗon rama da na zogale da ake raina wa, ana cewa abincin marasa hali? To ƙulin nan da ke ciki ya fi wake ma furotin, don an riga an cire mai.

Sai ki duba aikin da ke gaban kowace loma. Sussuka, surfe, daka, niƙa a dutse a durƙushe, jan guga, ɗauko itace. Ba yabon wahalar nake ba, don ta lanƙwasa bayan mata da yawa, kuma ba wadda za ta ce a mayar da ita can. Amma damtse da cinya suna aiki kullum, har tsufa.

Abu ya fara sauyawa da farin 1973, sai kuma a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a Arewa. Dalar Kano ta ɓace. Kuɗin fetur ya shigo da shinkafar waje da fulawa da taliya, injin niƙa ya shiga gari-gari, daga Kankiya har su Rimaye da Kafin Soli. Hannu ya huta, alhamdu lillahi. Sai dai tuwo yana nan, wake ya koma kayan kaiwa kasuwa da kaka, tun kafin ƙwari su huda shi, a dawo a sayo da tsada da bazara.

Wani baƙon kuma ya zo, waken suya. Ya daɗe a ƙasar Tibi, amma sai bayan 1980 masu binciken noma na Ibadan suka dage da koya wa mata sarrafa shi, kafin ki ce me awara ta cika ƙofar makarantu. Furotin ɗinsa ya haura kashi 35 cikin ɗari. Abin dariya, mun mayar da awara abin kwaɗayin yara da 'yan mata, tsohuwar da ba ta da haƙorin nama kuwa, wadda ta fi kowa dacewa da ita, ba a miƙa mata.

A 1989 wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa zaizayewar tsokar tsofaffi suna, ya ce a daina ɗaukar ta kamar ba komai ba. Bincike ya nuna jikin tsoho yana da taurin kai: furotin ɗin da zai wadaci budurwa ta gina tsoka, shi ba ya motsa shi sosai, sai an ƙara, kuma sai tsokar ta yi aiki sannan take karɓa da kyau. Shi ya sa a 2013 wasu masana suka ba da shawarar wanda ya wuce shekara 65 ya samu giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Tsohuwa mai kilo 50 ke nan tana neman giram 50 zuwa 60. Kofi guda na dafaffen wake wajen giram 13 ne. Ki lissafa da kanki abin da ke cikin koko zalla. Mai ciwon ƙoda kam ita sai abin da likita ya ce. Tsokar da ta zaizaye kuwa ita ke kawo faɗuwa a banɗaki, karayar ƙugu, da kwanciyar da wasu ba sa tashi.

Maganar kumburi gaskiya ce, amma tsofaffin da sun san dabara. A jiƙa, a zubar da ruwan, a surfe ɓawon, a yi alala mai laushi, a fara da kaɗan.

Kafin in baro Yashe na aika aka sayo ƙosai da awara, na marmasa mata cikin kokon. Na ce wa surukar ta bar ta ta riƙa tsince wake da ɓarar gyaɗa, ta taka zuwa maƙwabta da yamma, ta tashi daga kujera ta zauna sau biyar ko shida tana dafa bango. Gwaggo ta harare ni ta ce, "Ke da kika zo gaisuwa, ashe aiki kika kawo mini?" Sai kuma ta ce a miƙo mata faifai.