Daga Cikin Ganuwa Zuwa Bakin Gona: Tarihin Zaman Mutane a Arewacin Kano

Ƙasar noma da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Ɗambatta, tana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, gida na hangen gida, ba dajin da ya rage.

Kafin zuwan Turawa, tsoro ne ke zaɓa wa mutum wurin kwana. Mahara daga Maraɗi da Damagaram sun sa talakawa da dama fakewa a garuruwa masu ganuwa. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, hare-hare suka lafa, manoma suka ƙara bazuwa, kowa na kafa gida a bakin gonarsa. Wannan ya sha bamban da abin da Turawan Sifen suka yi a Peru cikin shekarun 1570, inda suka tattara 'yan ƙasa da ƙarfin tsiya cikin sababbin garuruwa, annoba kuma ta yi ta cin su.

A zamanin Sarkin Kano Abbas aka yanka gundumomi, aka tura hakimai su zauna cikin jama'arsu, haraji ya koma na kuɗi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja. Yunwar 1914 ta yi ɓarna ƙwarai, amma jama'a suka farfaɗo, suka ci gaba da ƙaruwa.

To, ina aka sami abin ci da su? A taki. A da, da rani jakai kan shiga birni ɗauke da itace, su komo da mangala cike da shara da toka, a zube su tsibi-tsibi a gona. Da damina a ɗaure awaki a turke, a yanko musu ciyawa, kashinsu ya taru. Gero, dawa, wake da gyaɗa a kunya ɗaya, ga gawo da ɗorawa tsaye a tsakiya.

Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, ya nuna cewa ana noma gonakin nan kowace shekara ba hutu, ƙasar kuma ba ta mutu ba. Sai dai rabon gado na ƙara tsuke su, shi ya sa magidanci ke haɗa noma da sana'a, ko ya tafi cin rani da zarar an gama girbi.