Aidin da ciwon daji: inda yake aiki da inda ake yaudarar marasa lafiya

Duk wanda ya taso a gidan fataken shanu kamar ni ya san aidin. Shi ne jan ruwan nan da ake ɗiga wa saniya a rauni idan ta sauko daga tirela da kurjewa, ko a shafa wa ɗan maraƙi a cibiya. To shi ne yanzu wasu ke cewa idan aka sha shi da yawa yana hana ciwon daji, har ma yana warkar da sankarar mama. Maganar ta samo asali ne daga Amurka, amma kwalaben da ƙwayoyin suna iso mu, shi ya sa na ga ya dace in tsara wa 'yan'uwa abin da aka sani a kai.

Aidin sinadari ne da jiki ke buƙata kaɗan ƙwarai. Akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya da likitoci ke kira tayirod, ita ce ke zuƙe shi daga jini ta haɗa sinadaran da ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya da girman ƙwaƙwalwar yaro. Idan aidin ya yi ƙaranci sai ta kumbura, wato maƙoƙo ke nan. Baligi na buƙatar maikurogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma 250 a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Maikurogiram 1,000 ne ke yin miligiram 1. Masana a Amurka sun ajiye iyakar da bai kamata baligi ya wuce ba a kan maikurogiram 1,100 a rana. Ku riƙe waɗannan lambobin, don a kansu rigimar take. A Najeriya tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin girki, kuma mu da ke zaune a kudu muna ƙara samunsa daga kifin teku.

Masu da'awar sun bi sahun wani likita ne mai suna Guy Abraham, wanda a farkon shekarun 2000 ya riƙa cewa 150 ɗin nan ya yi kaɗan matuƙa. Wani likitan jihar Michigan, David Brownstein, ya yaɗa ra'ayin a littafi, sai wata marubuciya Lynne Farrow ta fitar da nata a 2013, aka ɗauke shi sosai a tsakanin mata masu sankarar mama. Abin da suke sha shi ne ruwan Lugol, wanda wani likitan Faransa ya haɗa tun 1829, ko ƙwayar Iodoral mai miligiram 12.5. Ƙwaya ɗaya kaɗai ta ninka buƙatar rana sau 83, ta ninka iyakar can sau 11. Wasu har miligiram 50 suke sha kullum.

Ba zan ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Babbar hujjarsu Japan ce: mutanen can suna cin ciyawar teku mai ɗauke da aidin, kuma sankarar mama ba ta kai ta Amurka yawa a wurinsu ba. Sai dai Abraham ya ce Bajapane na samun kusan miligiram 13 a rana, alhali lissafin da aka sake yi daga baya ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3. Kuma matan Japan sun bambanta da na Amurka a ƙiba da cima da abubuwa da dama, ba a aidin kaɗai ba. Hujja ta biyu, an gwada aidin a kan ɓeraye da ƙwayoyin sankara a cikin kwanon gwaji, an ga ya rage musu girma. Ta uku, wani bincike a Kanada a 1993 ya nuna aidin ya rage zafin nono ga mata masu irin ƙulluwan nan da ba sankara ba ne. Duk wannan dalili ne na ci gaba da bincike, amma babu wani babban gwaji a kan mutane da ya nuna shan aidin ya warkar da ciwon daji. Abubuwa da yawa suna kashe sankara a kwano, idan aka zo jikin mutum sai a ga babu komai.

Abin da ya fi ruɗa mutane, a ganina, shi ne lallai akwai aidin a asibitin masu ciwon daji. Akwai wani nau'i mai fitar da tururin nukiliya da ake kira I-131, tun shekarun 1940 ake maganin sankarar tayirod da shi. Bayan an yi tiyata an cire tsokar, sai a ba mutum ya haɗiye, ragowar ƙwayoyin cutar su zuƙe shi kamar yadda suka saba, tururin ya ƙone su daga ciki. Tururin ne ke aikin, aidin ɗin mota ce kawai da ke kai shi. Asibitin koyarwa na UCH Ibadan na cikin wuraren da ke da sashen irin wannan magani. Ana kuma shafa ruwan Lugol a bakin mahaifa wajen binciken sankara, don wurin da ya lalace ba ya karɓar launin. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, ƙasar Poland ta ba miliyoyin yara aidin don ya cika musu tayirod kada mai guba ya samu wurin shiga. Mai talla sai ya haɗa waɗannan duka a buhu ɗaya ya ce ai likitoci ma sun san sirrin.

Ga inda haɗarin yake. Wanda za a yi wa maganin I-131, ana sa shi ƙaurace wa abinci mai aidin na mako ɗaya zuwa biyu, don ƙwayoyin su ji yunwarsa. Idan yana ɗiga Lugol a ruwa a ɓoye, ya ƙosar da su ke nan, maganin da aka kashe wa maƙudan kuɗi zai wuce ta fitsari a banza.

Ko ga mai lafiya, aidin mai yawa yana iya rikita tayirod ta fuska biyu. Wani sai ta yi sanyi, ya riƙa jin kasala da sanyi da ƙiba. Wani kuma sai ta haukace da aiki: rama, gumi, rawar hannu, zuciya na dukan uku-uku. Wannan na biyun ya fi kama wanda ya daɗe da maƙoƙo, kuma dattawanmu da suka taso kafin zuwan gishiri mai aidin suna cikin wannan sahu. Mai ciki idan ta sha da yawa tana iya taɓa tayirod ɗin jaririn. A Ostireliya a ƙarshen 2009 an janye madarar waken soya ta Bonsoy daga kasuwa saboda an sa mata ciyawar teku, mutane da dama suka kamu da ciwon tayirod.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake fassara alamun. Idan ƙuraje suka feso, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kai ya yi ciwo, sai a ce wa mara lafiya ai dattin jiki ne ke fita, ta daure. Alhali waɗannan su ne tsofaffin alamun aidin ya yi yawa. Haka gwajin da suke yi na shafa shi a fata a ce idan launin ya ɓace da wuri jiki na ƙishinsa. Mafi yawansa iska ce ke kwashewa, ko a kan takarda ka shafa zai dusashe.

Sankarar mama ce kan gaba a cikin sankarar da ke kama mata a ƙasar nan, kuma yawanci sai abu ya yi nisa ake zuwa asibiti. Mun san dalilan: kuɗi, tsoron a yanke nono, kunyar likita namiji, ga matsalar yare ga matar da ke Sabo ko Agege ko Lokpanta wadda ba ta jin Turanci ko Yarbanci ko Inyamuranci. Kwalbar da aka ce a sha wata uku a gani tana da sauƙin karɓa. Amma wata ukun nan su ne ke iya kai ƙullun da ake iya cirewa ya bazu zuwa hammata da ƙashi.

Wadda ta ji ƙullu, hanyar sanin ko mene ne shi ita ce hoto da ɗibar ɗan nama a kai awo. Wanda ya riga ya fara shan aidin mai yawa ya ɗauki kwalbar ya kai wa likitansa, ya nemi a yi masa gwajin jini na tayirod da ake kira TSH. Shi kuwa jan aidin na rauni, irin su Betadine da wanda muke ajiyewa a kara saboda shanu, na fata ne kawai, ba a sha.