Abdelmalek Sayad, malamin da ya bi sawun ƴan ci-rani

An haifi Abdelmalek Sayad a 1933 a ƙauyen Aghbala, cikin tsaunukan Kabiliya na Aljeriya, yankin da ya daɗe yana tura samarinsa ƙodago Faransa. Malamin firamare ne da fari. Lokacin yaƙin neman ƴanci ya gamu da Pierre Bourdieu a jami'ar Alje, ya shiga ilimin zamantakewa. Tare suka binciki sansanonin da sojan Faransa suka tara manoma, suka wallafa *Le Déracinement* a 1964.

Ya ƙaura Faransa a 1963, amma sai 1977 cibiyar bincike ta CNRS ta ɗauke shi dindindin. Shekaru 14 yana aikin wucin gadi, kusan kamar mutanen da yake nazari.

Galibin masana na lokacin suna fara labarin baƙo daga ranar saukarsa. Sayad ya waiwayi ƙauyen da aka bari, da yadda masu dawowa ke ɓoye wahalarsu har ƙannensu su yi kwaɗayin tafiya. Ya rasu a 1998. A 1999 aka fitar da *La Double Absence*, littafinsa kan mutumin da babu shi a gida, a baƙunci kuma ba a lissafa shi.